Hayaƙin da Ya Tara Mini Unguwa

Omdurman, bayan ƙaramar Sallah

Ya inuwar darbejiyata a tsakar ranar Omdurman, ya ruwan randa da ya kwana iska tana busa shi, ya dabinon buɗa-bakina, ya zoɓon da ke kashe mini ƙishi tun ina da haƙoran tauna rake! Abu Salah, mijina, maigidan zuciyata, tsohon da furfura ta cinye masa kai ba ta cinye masa yatsu ba, amincin Allah ya tabbata a gare ka a can bayan teku, inda rana take fito muku bayan ta gama gasa mu. Ina gaishe ka gaisuwar da ta fi Nilu tsawo, ta fi shi cika a lokacin ambaliya. Yaya sanyi? Yaya gwiwar nan ta dama da kake ɓoye mini ciwonta? Yaya ɗanmu Salahuddin da garejinsa? Mu nan sai godiya. Gidanka yana inda ka bar shi, lemun tsami ya yi 'ya'ya har ya rusuna, gadonka na igiya yana jingine da bango, ni kuma ina tsakiyarsu kamar tukunyar da aka sauke daga murhu aka manta wa aka dafa wa.

Da hannuna nake rubuta maka, da baƙaƙen da na koya a makarantar allo kafin a cire ni, shi ya sa za ka ga layukan suna hawa suna gangara kamar awaki a bakin kogi. Da Hausa kuma na rubuta, don jikarka Mayada ta zama Balarabiya ƙarfi da yaji. Ko ta leƙa, ba abin da za ta tsinta sai sunanta. Kai ma kada ka miƙa wa Salahuddin ya karanta maka. Sa tabaranka, rufe ƙofa, ka sha wahala da rubutuna kamar yadda nake shan wahala da rashinka.

Bari in fara da mai ɗacin, ka san ni ba na iya riƙe magani a baki. Hasken idona, kunnena yana rufewa. Na hagu ya tafi tun damunar bara, ko sallama bai tsaya yi ba. Na dama yana bin sawunsa a hankali, kullum da ɗan abin da yake ɗauke mini. Likita ya leƙa da 'yar fitilarsa, ya girgiza kai, ya ce, “Ya Hajja, wannan ba cuta ba ce, shekaru ne.” Na ce to ya rubuta mini maganin shekaru. Ya yi dariya. Na ga dariyar, ban ji ta ba. Kukan kurciya na asuba ya ɗauke mini. Kiran sallar masallacinmu yana iso ni kamar daga Bahri, ƙetaren ruwa. In na je shagon waya a kasuwa ka ji ina ta “to, to, madalla,” wallahi rabin maganarka canka nake yi. Ba shirun nake tsoro ba, Abu Salah, surutun duniya na ji ya ishe ni. Abu ɗaya nake tsoro: ƙofar nan ta ida rufewa ban sake jin kana kiɗa a tsakar gidanmu ba. Ashe kunnen da akodiyon ɗinka ya buɗe zai rufe a kan ƙarar raksha, keken nan mai ƙafa uku, da kukan jakin mai ruwa?

Ka tuna Jabal Awliya, garin nan na bakin dam? Yo ya za a yi ka manta ranar da aka yi maka dariya har masunta suka bar tarunsu suka zo kallo! Bikin 'yar kawuna ne. Kai a lokacin yaron walda ne a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, kana liƙe lagireton motoci, ka zo rungume da jan akodiyon da ka saya hannun wani Bagirike mai kanti da zai koma ƙasarsu. Ka shigo fili da jallabiyar aro wadda ta tsaya maka a ƙwauri, kana ƙasaita kamar kai ka gina dam ɗin. Ka ja zugazugin, maimakon kiɗa sai muka ji fuuu, kamar tsohon jaki ya hau tudu. Ka sake ja, ya sake huci. Na ɗaga murya daga cikin 'yan mata na ce, “Ya mai kiɗa, abokinka mura yake yi, a dafa masa citta?” Ka dubo ni, ko gezau, ka ce, “Mai maganin ta matso.”

Ni kuwa 'yar baduku ce, a gindin masu ɗinkin takalma na tashi a kasuwar Omdurman, na san inda fata take yin rauni. Na matso, na kara kumatuna a jikin zugazugin, na ce ka matsa. Iskar ta taɓa ni, siririya, mai sanyi. Na zaro lubanin da nake taunawa daga bakina na toshe hujin da shi, a gaban manya da yara. Gwaggota ta rufe fuska da mayafinta na tobi tana salati. Ka ja, Allahu Akbar! Sai ga wata murya ta fito kamar goge ya auri sarewa sun haifi ɗa. Waƙar tsinkar auduga da mahaifinka ya zo da ita daga gonakin Jazira, ka juya ta, ka karkaɗe mata gajiya, ta zama ta rawar amarya. La'asar ce, ruwa yana zuba ta ƙofofin dam fari fat, ƙamshin soyayyen karfasa yana yawo, tsofaffin da suka baro Kano da Damagaram a ƙafa suna share ido da bakin rawani. Ni kuwa na tsaya bakina babu lubani, ƙirjina babu zuciya, duk biyun ka tafi da su. Ka dawo da ɗaya? Har yau ban gani ba!

Babana ya so ya yi gardama, ya ce shi mai kiɗa bai san safiya ba. Da ka zo gaishe shi ya ce ka buɗe hannu, ya ga tabon wuta da dalma a tafinka, ya ce, “Wannan ya san aiki, kiɗan ma Allah Ya shirye shi.” Allah Ya jiƙansa, bai san ni ce ba za ta shiryu ba.

Tun daga nan na zama likitar Jatau, sunan da muka raɗa wa akodiyon ɗin. Sai dai kumatu ba ya gano ƙananan huji. Ka tuna ranar da kake ta juya shi kana tsaki, biki yana jiranka, ni kuma ina zaune a kan ramin dukhan, na lulluɓa da bargo, itacen ɗalih yana ci a ƙarƙashina, hayaƙi yana gyara maka fatata? Na ce kawo shi nan. Na tashi, ka kara shi a bakin ramin, ka buɗe zugazugin ya shaƙi hayaƙi ya cika ciki, sannan ka matse a hankali. Sai ga zaren hayaƙi yana fita ta wata kusurwa, siriri kamar gashin tsohuwa. Na shafa alli a wurin, na fere fatar ɗan akuya har ta yi kaurin ɓawon albasa, na liƙe da ƙaro. Wane mai gyara ne a duk Khartum ya san wannan dabara? Babu! Daga ranar ban sake shiga dukhan ba sai Jatau ya samu rabonsa. Abin da ya biyo baya ka fi ni sani. Kana buɗe shi a gidan biki sai ƙamshin matar aure ya cika rumfa, mata su riƙa zungurin juna, wata ta ce, “Usta Jafaru, akodiyon ka rungumo ko Sittana?” Kai kuma, marar kunya, ka ce, “Duka biyun, ku matsa mana.” Unguwa kuwa ta haddace abu ɗaya, don kowa ya san mace ba ta hura ramin dukhan sai mijinta yana gari: in hayaƙin ɗalih ya haura katangarmu, to Usta Jafaru yana gida.

Wayyo waɗannan shekaru, ina suka shige? Alshajara ta kira ka, Bahri ta kira ka, Madani ta aiko mota. Gidan rediyo ya sa ka a bayan manyan mawaƙa, Larabawa suna tambayar ina Bafallacen nan, yadda suke kiran Bahaushe, ya samo wannan zaƙi. Ina tuyar kisra, wainar dawar nan mai faɗi, a gindin murhu, rediyo a kan taga, goge goma suna kuka, amma ni sai in tsince ka a cikinsu kamar uwa ta tsinci kukan ɗanta a taron suna. Ka san da me? Kafin sautin ƙarshe kakan ɗan yi jinkiri, kamar baƙon da ya miƙe tsaye ya kasa cewa sai an jima. Wannan ɗan jinkirin nawa ne. Ban taɓa gaya wa kowa ba, kada su lura su raba ni da shi.

Sai shekarun kaki suka zo. Biki ya koma kamar zaman makoki: a nemi izini, a kashe lasifika da wuri, amarya ta yi rawa tana waigen ƙofa. Ba zan manta dawowarka daga Alshajara ba, Jatau a kafaɗa, zugazuginsa a farke daga sama har ƙasa, aikin wuƙar wani yaro mai kaki wanda ko Salahuddin bai kai ba. Ba ka zagi kowa ba. Ka ɗora shi saman kabad. Na ce kawo in ɗinke, ka ce, “Bar shi, Sittana, ki ɗinke don wa?” Ka koma walda. Ina kallon yatsunka suna tafiya su kaɗai a kan gwiwarka in kana shan shayi, suna neman abin da babu. Kana bushewa a gabana kamar ƙoramar rani. Shi ya sa da Salahuddin ya aiko ka je masa Amurka ka huta, ni da kaina na haɗa maka jaka, ni na tura ka bakin ƙofa. Ka ce ba za ka daɗe ba. Shamuwa ta zo ta yi sheƙa a bishiyar masallaci, ta tafi, ta dawo, ta tafi, ta dawo da jikokinta. Tsuntsuwa ma ta san hanyar gida, Abu Salah! Kai da kake da fasfo fa?

Kada ka ce ban yi maka murna ba. Kaset ɗin farko da ka aiko, wanda ka ba ni labarin tsoho Kilofas, na saurare shi har zaren ya tsinke na ɗaure da ƙaro. Ka ce ya kawo akori-kurarsa gyara garejin Salahuddin a garin nan na Luwiziyana mai wuyar suna, ka hangi akodiyon a kujerar gaba, ka nuna da hannu a ba ka ka taɓa. Ka ce kana fara waƙar audugar babanka ya cire malafa, ya sa Salahuddin ya tambaye ka a ina ka ji kiɗan kakarsa, shi Kilofas ɗin. Baƙi ne kamarmu, ka ce, mai wani Faransanci na kansu, wanda ya tashi yana saran rake da nomar shinkafa a gonar wasu, ya koyi kiɗa a ɓoye da akodiyon ɗin ubansa in uban ya tafi gona, ya yi ta yawo daga rumfar katako zuwa rumfar katako yana sa talakawa rawa ranar Asabar, har sunansa ya kai birane. Kiɗan nasu zaidiko, ko ba haka ka ce ba? Na ce a raina, ikon Allah, su ma auduga da rake ne suka koya musu kuka mai daɗi. Yanzu kuma ciwon suga ya sa hannunsa rawa, kai kake riƙe masa waƙa shi yana rera ta, sunanka a jikin takardun da ake mannawa a bango. Mutumin da aka farke wa kaya a garinsu, ga shi ana tafa masa a garin wasu. Na yi kuka, na yi guɗa, na raba alewa.

Amma hoton nan, ya rabin raina, hoton nan! Wa ya ɗora maka malafar makiyayan shanu, kai da ko akuya ba ka taɓa ɗaurewa ta kwana ba? Wane ne kuma ƙaton da ke gefenka ya rataya guntun kwanon rufi a ƙirji yana karta shi da cokula? A nan in yaro ya yi haka sai a kai shi wurin malam. Ka ce suna cin wasu jajayen ƙwarin ruwa masu kama da kunama, har ka iya ɓare su. Allah Ya kyauta! Ka ce matar Kilofas tana yin miyar kuɓewa da kifi, ta tuna maka da gida. Ta tuna maka da gida? To madalla. Ka gaishe ta, ka ce na gode da ciyar mini da tsoho, amma ka gaya mata in miya ta tuna wa mutum gida, tashi yake yi ya tafi gidan, ba ƙari yake nema ba.

Kaset ɗin da ya zo da azumi shi ya karya ni. A na da ina jin komai, har kartar cokulan nan. Wannan kuwa na kunna, na ƙure murya, na kara kunnen dama a jikin rikoda har ya yi zafi, ba abin da yake iso ni sai dum, dum na ganga, kamar ana daka a wata unguwa. Na nemi ɗan jinkirin nan nawa daga farko har ƙarshe, na juya kaset na sake nema. Babu. Mayada tana rausaya tana cewa, “Habboba, kakata, ji kakana!” Na gyaɗa kai ina murmushi kamar ina ji. Ka taɓa tsayawa a bakin rijiya kana ganin ruwa, guga ba ta kai ba?

Shi ne na ce ai akwai Jatau. Rikoda ƙarfe ce, shi kuwa ya san ni. In na rungume shi da kaina ai dole ya yi mini magana. Na taka kujera na sauko da shi, ƙura ta yi masa rawani. Na je layinmu na dukawa, jikokin abokan babana suka zaɓo mini fata mai laushi. Na zauna ina ferewa, ina ɗinki, ina liƙi, idona yana ruwa, yatsuna suna gardama, har farkar nan ta haɗe baki. Saura gwaji. Gwaji kuwa sai da hayaƙi. Ramin dukhan ɗina tun tafiyarka bai ga wuta ba, yashi ya cika shi, kazar gidan ta mai da shi ɗakin haihuwa. Na kore ta tana zagina, na kwashe yashin, na tono sauran itacen ɗalih a ƙasan akwati. Na rantse maka da kabarin mahaifiyata, ko kaɗan unguwa ba ta zo mini a rai ba. Huji nake nema. Bayan la'asar na hura wuta.

Ya shaƙa ya cika, na matse. Ko zare ɗaya bai fita ba! Hannun 'yar baduku bai mutu ba. Na saɓa igiyoyinsa a kafaɗa yadda kake yi, na juya wa ƙofa baya, na danna fararen haƙoran nan na dama, na ja. Shiru. Na ga zugazugi yana buɗewa, na ji nauyin iska a hannuna, amma shiru. Na danna wani, na danna uku a haɗe, na ja da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Shiru, Abu Salah! Sai da na taɓa maɓallan hagu masu kauri na ji wani abu can nesa, kamar saniya tana kuka a ƙetaren Nilu. Na yi ta ja, na yi ta dannawa kamar mahaukaciya, hawaye yana zuba, ina cewa hayaƙi ne.

Ashe hayaƙin ya haura katanga ya sauka a hancin maƙwabciyarmu Khadiga, hancin da ya fi rediyo saurin kawo labari. Ashe ta tsaya ta shinshina, sai kuma ta ji akodiyon yana ihu daga gidan Usta Jafaru. Ashe ta rangaɗa guɗar da ta tayar da tattabarun unguwa. Ni ban ji ba. An buga ƙofa, ban ji ba. An yi sallama, ban ji ba. Inuwa na gani ta faɗo a gabana, na waiga.

Tsakar gidanka cike maƙil! Khadiga a gaba da tiren zalabiya, soyayyar fulawar nan mai sukari, mata a bayanta da sababbin tobi, maza a bakin zaure da fararen jallabiyoyi, liman da carbinsa, mahauci yana jan rago, ga tsoho Almahdi makaɗinka na da, ganga a hammata, gemunsa jiƙe da hawaye. Ba wanda yake kallona, duk ɗakinka suke leƙe. Khadiga ta sunkuyo ta yi mini ihu a fuska, “Ina angon? Fito mana da shi, tsohuwar banza, kin ɓoye shi kina ta turara kanki!” Almahdi ya ce, “Ni da na ji kiɗan na ce a raina, innalillahi, Amurka ta ɓata masa hannu, amma dai ya dawo!” Aka yi dariya. Sai dariyar ta fara mutuwa a fuskoki, ɗaya bayan ɗaya, don sun ga ƙofar ɗakin a buɗe, ba takalmi a bakinta. Suka ga tsohuwa ita kaɗai, da rami, da hayaƙi, da akodiyon a ƙirji. Almahdi ya sauke gangarsa ƙasa a hankali. Wannan shirun kam na ji shi, ya masoyina, da kunnuwa biyu na ji shi.

Zagi zan iya ɗauka, dariya zan iya ramawa, amma tausayi? A tsakar gidana? Ni Sittana da ake tsoron bakina daga nan har kasuwa? Na ga Khadiga ta fara karkata kai tana shirin cewa “miskina,” sai na ji bakina ya riga ni. Na gyara zama, na ce, “Me kuke kallo? Yana kan hanya. Kafin babbar Sallah zai sauka. Shi ya aiko in gyara masa kayansa, ni kuma na ce bari in gwada ramin ko yana ci.” Wayyo, ka ga guɗa! Liman ya ɗaga hannu aka shafa fatiha. Mahauci ya ce rago naka ne, zai ci gaba da ba shi dusa. Almahdi ya ce gobe zai sake wa ganga fata. Kafin Juma'a labari ya ƙetare gada, mutanen Alshajara sun aiko a tambaya ko za ka yi musu bikin 'yarsu ko da a cikin gida ne, murya ƙasa-ƙasa. Ka ga abin da ka sa na yi? Da furfurata, da jikokina, na yi ƙarya a gaban liman, har ya sa mata albarka!

Da suka watse, magariba ta kawo kai, na zauna ni da tiren zalabiya mai sanyi. Wutar ramin ta mutu. Ƙamshin ya kama bango, ya kama tufafina, ya kama gadon da ba kowa a kai. Gida yana ƙamshin mijin da ya dawo, mijin kuma yana bayan teku da malafa. A duk shekarun nan ban taɓa jin kaɗaici ya zauna kusa da ni haka ba, har gwiwarsa tana taɓa tawa.

Na san abin da za ka ce, ya sanyin idona, na haddace. Takardu ba su fito ba, in ka fita ƙofar can za ta rufe. Kilofas ba shi da hannu sai naka. Masu kaki suna nan ba su gusa ba. Duk gaskiya ne. Amma ƙofar can in ta rufe, ana iya sake ƙwanƙwasa ta; tawa fa? Likita bai ce mini wata kaza ba, cewa ya yi sai yadda Allah Ya so, kuma ina jin yadda take matsowa kullum kamar ruwan kogi yana cin gaɓa. Ka gaya wa Kilofas wata tsohuwa a Omdurman tana gaishe shi da girmamawa, ta ce aro ta ba shi, ba kyauta ba. Shi da ya yi rayuwarsa yana sa mutane rawa, zai gane. In bai gane ba ka tambaye shi, da matarsa ce fa? Masu kaki kuma su riƙe titunansu da rumfunansu. Ban ce ka yi wa gari kiɗa ba. Tsakar gida nake so, bayan la'asar, kai a kan gadon igiya, ni a gefenka, kunnena na dama a wajenka, ka yi mini waƙar auduga da maɓallan nan masu kauri, sannu a hankali, sau ɗaya. Sau ɗaya tak, ya ruwan farkon damuna! Ya yi yawa? Kada ka aiko kaset. Na'urar kunnen da Salahuddin zai ce a saya, a saya, amma a aljihunka za ta zo, ba a hannun matafiyi ba.

Ka san abin da nake yi yanzu? Na toshe kunnen dama da auduga. Mayada ta ɗauka ciwo yake yi. Tattali nake yi, kamar sauran sukari a ƙarshen wata. Ba zan ƙarar da shi a kan gulmar Khadiga da labaran rediyo ba. Ɗan abin da ya rage naka ne, na ajiye maka. Lokacin sallah kawai nake cirewa in ji kabbara, in mayar.

Ka zo ka mai da ni mai gaskiya, Abu Salah. Rago yana ƙiba, ganga ta samu sabuwar fata, unguwa tana ƙirga wata. In Sallah ta zo ba ka zo ba, zan yafa tobina in fita in ce musu jirgi ne ya yi latti, sai wata mai kamawa. In ya kama ba ka zo ba, in ce mai bi masa. Zan yi ta shirga maka ƙarya, sabuwa fil kowane wata, har liman ya daina amsa gaisuwata, har ragon ya mutu da tsufa. Amma bakin nan nawa, ko ƙasa za a zuba masa, ba zai taɓa cewa ba ka zuwa ba.

Taka tun tana taunar lubani har ta koma taunar dasashi, taka a ji, taka a shiru, taka har ranar da za a tashe mu,

Sittana